Wa zai biya kuɗin gyaran hanyoyin karkara da motocin ma'adinai ke farfasawa?

Duk inda aka buɗe ramin haƙar ma'adini ko wurin fasa dutse a karkarar Najeriya, hanya ce ke fara nuna alama. Burjin da aka yi domin babura da a-kori-kura da motar ranar kasuwa sai a wayi gari tifa da tirela na bin sa dare da rana, kowace ɗauke da tan talatin ko fiye. Damina ɗaya ta isa kwalbatoci su rufta, sawun taya ya zama kwari, idan rani ya shigo kuma ƙura ta lulluɓe gonaki da gidajen bakin hanya. Daga nan kuɗin mota ya tashi, dillalan hatsi su rage farashi saboda wahalar shigowa, mai naƙuda kuma a ɗauke ta a babur domin motar haya ta daina zuwa. Abin da ke biyo baya kusan iri ɗaya ne ko'ina: matasa su tare hanya, hakimi ya shiga tsakani, kamfani ya turo greda da 'yan lodin marmara, a buɗe hanya, bayan wata uku a koma gidan jiya. Ana ta wannan zagaye ne saboda ba a taɓa tsayar da magana ɗaya ba a kan wanda gyaran ya rataya a wuyansa, da nawa zai biya, da inda kuɗin za su shiga.

Kafin a kai ga doka, ya kamata a fahimci yadda nauyi ke cin hanya, domin yawancin gardamar da ake yi tana tasowa ne daga rashin sanin wannan. Tsakanin 1958 da 1960 injiniyoyi a Amurka sun yi wani babban gwaji a garin Ottawa na jihar Illinois, inda suka shimfiɗa tituna iri-iri suka sa motoci masu nauyi daban-daban suna zagaya su har suka lalace. Abin da ya fito daga gwajin, wanda har yau ake amfani da shi wajen tsara tituna, shi ne ɓarnar da gatarin mota, wato sandar ƙarfen da ke haɗa tayoyin dama da na hagu, ke yi wa titi tana ƙaruwa da saurin da ya zarce ƙaruwar nauyinsa nesa ba kusa ba. Idan aka ninka nauyin gatari sau biyu, ɓarnar tana ninkuwa kusan sau 16. Gatari mai ɗauke da tan 10 yana yi wa titi lahanin da sai gatari mai tan 1 ya bi ta wurin kusan sau 10,000 kafin ya yi irinsa. Ƙa'idar da ƙasashen ECOWAS suka amince da ita ta tsayar da tan 11.5 a matsayin iyakar gatari guda, to idan aka yi wa mota lodin da ya kai gatarin tan 15, ƙarin nauyin bai kai kashi ɗaya bisa uku ba, amma ɓarnar ta kusa ninkuwa sau uku. Wannan lissafi na titin kwalta ne. A kan burji abin ya fi muni, musamman idan ƙasa ta jiƙe, domin a lokacin tifa guda na iya yi wa hanya illar da sai katafila ta zo. Saboda haka idan mai kamfani ya ce ai kowa na bin hanyar, ya faɗi gaskiya ta fuskar ƙidayar motoci, amma ta fuskar ɓarna kusan dukkanta tasa ce.

Tushen rikicin yana cikin yadda tsarin mulkin 1999 ya raba iko. Sashe na 44(3) ya mallaka wa gwamnatin tarayya duk ma'adinan da ke ƙarƙashin ƙasa, kuma haƙar ma'adinai na cikin jerin abubuwan da tarayya kaɗai ke yi wa doka. Lasisi daga Abuja yake fitowa, harajin da ake biya a kan abin da aka haƙo ma can yake tafiya. Hanyar da motar ke bi kuwa, jadawali na huɗu na wannan tsarin mulkin ya ɗora ginawa da kula da irinta a kan ƙaramar hukuma. Daga cikin kusan kilomita 200,000 na hanyoyin ƙasar, wajen kashi biyu bisa uku na ƙananan hukumomi ne, kuma su ne matakin gwamnati da ya fi kowane ƙarancin kuɗi da injiniyoyi da kayan aiki. Hukumar FERMA da aka kafa a 2002 hanyoyin tarayya kawai take gyarawa, ba ruwanta da burjin da ya taso daga ramin haƙa zuwa bakin kwalta. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi, shi ne ainihin matsayin ƙaramar hukumar da ake haƙa a cikinta.

Akwai kashi 13 cikin ɗari na kuɗin da ake samu daga arzikin ƙasa, wanda sashe na 162(2) na tsarin mulkin ya ce a mayar wa jihar da aka samo arzikin ƙasa daga cikinta, kuma wannan ya shafi ma'adinai kamar yadda ya shafi man fetur. Sai dai kuɗin suna tsayawa ne a baitulmalin jiha, babu abin da ya tilasta a kashe su a ƙauyen da aka haƙa, balle a kan hanyarsa. Kuma ba su da yawa, domin gudummawar da ɓangaren ma'adinai ke bayarwa ga tattalin arzikin ƙasa ta yi shekaru da dama ba ta kai kashi ɗaya cikin ɗari ba, ga shi ana fitar da kaya masu yawa ba tare da an rubuta su ba. Hukuncin Kotun Ƙoli na ranar 11 ga Yuli, 2024, wanda ya ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, zai iya ƙara musu numfashi idan aka bi shi sosai, amma ko an bi shi, ba adalci ba ne a ɗauki kason da ya kamata a biya malaman firamare da ma'aikatan ɗakin shan magani a zuba a kan ɓarnar da wani mai kasuwanci ya yi yana neman ribarsa.

Kamfanoni suna da hujjar da ya kamata a saurara da idon basira. Suna cewa sun biya kuɗin lasisi da harajin ma'adini da harajin riba, direbobinsu kuma suna yankar takarda a kowane shinge, don haka idan aka ce su gyara hanya an sa su biya sau biyu a kan aikin da yake na gwamnati ne. A cikin wannan magana akwai gaskiya, musamman game da shingayen. Inda ta gaza shi ne ta haɗa abu biyu da ba ɗaya ba. Haraji kuɗi ne da kowa ke biya domin ayyukan kowa, har da gyaran hanya na yau da kullum, irin sharar magudanan ruwa da cike ƙananan ramuka da sake zuba marmara bayan 'yan shekaru. Harajin ma'adini kuma farashin dukiyar jama'a ne da kamfani ya ɗebe daga ƙasa ba za ta dawo ba. Ɓarnar da ta wuce ta al'ada, wadda ba za ta faru ba in ba don motocin kamfanin ba, wani ɓangare ne na kuɗin gudanar da sana'arsa, daidai da dizal da taya da albashin direba. Idan bai biya ba, ba ɓacewa kuɗin suka yi ba, manomi da ɗan acaɓa da mai jinya ne suka biya masa.

Wannan bambanci tsakanin gyaran al'ada da gyaran ɓarnar da ta wuce kima tsoho ne a dokokin wasu ƙasashe. A Ingila, sashe na 59 na dokar manyan hanyoyi ta 1980 ya ba hukumar da ke kula da hanya ikon karɓar ƙarin kuɗin gyara daga wanda ya jawo zirga-zirga ko nauyin da ya wuce na al'ada, kuma asalin wannan tanadi ya koma ƙarni na 19. A jihar Pennsylvania ta Amurka, inda ake haƙar kwal da iskar gas da yankan katako, hukuma na kafa allo a ƙaramar hanya ta rubuta iyakar nauyin da za ta iya ɗauka. Duk mai son wucewa da abin da ya fi haka sai ya sa hannu a yarjejeniyar gyara, ya kuma ajiye jingina ta dala 6,000 a kan kowane mil na burji ko dala 12,500 a kan kowane mil na kwalta. Ana duba hanyar kafin ya fara, a sake dubawa bayan ya gama, abin da ya lalata ya gyara ko a ci jinginarsa. Can ma ana ƙorafin cewa kuɗin jinginar sun yi kaɗan idan aka kwatanta da tsadar aiki a yau, amma tsarin ya warware babbar matsalar, wato an san mai laifi kuma kuɗinsa na hannu tun kafin ya yi laifin.

Dokar ma'adinai ta Najeriya ta 2007 ba ta yi shiru gaba ɗaya ba. Sashe na 116 ya wajabta wa duk mai lasisin haƙa, babba ko ƙarami, da mai lasisin fasa dutse, ya ƙulla yarjejeniyar raya al'umma da mutanen wurin kafin ya fara aiki. Dokar ta ambaci hanyoyi a cikin abubuwan da yarjejeniyar za ta iya ƙunsa, ta ce a sake duba ta duk shekara 5, kuma idan aka kasa daidaitawa a kai maganar gaban minista. A takarda wannan makami ne mai kyau. A aikace raunin yana wurare uku da suke haɗe da juna. Dokar ba ta faɗi adadi ba, saboda haka abin da al'umma za ta samu ya dogara ga ƙarfin bakinta a ranar zaman, alhali a gefe ɗaya lauyoyi ne, a ɗaya gefen dagaci da dattawan da wataƙila ba a karanta musu takardar da harshensu ba. Sannan yarjejeniyar ta al'ummar da ramin ke cikinta ce, ita kuwa hanya tana ratsa ƙauyuka goma ko ashirin da ba su da kujera a zaman, kuma ƙura da haɗari ba su bar su ba. Abu na uku, wanda a ganina ya fi sauran lahani, shi ne ana cusa gyaran hanya a layi ɗaya da rijiyar burtsatse da ajin makaranta da tallafin karatu, sai ya zama kamar kyauta ce da za a yi godiya a kanta, har a ce wa mutane su zaɓa tsakanin asibiti da hanya. Biyan diyyar abin da ka lalata ba alheri ba ne, bai kuma kamata ya rage ko sisi daga abin da al'umma ke da haƙƙi a kai na raya ƙasa ba. Dokar man fetur ta 2021 ta tsayar da kashi 3 cikin ɗari na kuɗin gudanarwar kamfani domin asusun al'ummomin da ake haƙa a cikinsu. Ɓangaren ma'adinai ba shi da adadi tsayayye irin wannan.

Wasu na nuna tsarin gina hanya a madadin haraji a matsayin mafita. Da umarnin shugaban ƙasa mai lamba 007 na 2019 aka buɗe wa kamfanoni ƙofar su gina hanya da kuɗinsu, a cire musu daga harajin da za su biya nan gaba. Hanyar kankare ta Obajana zuwa Kabba a jihar Kogi, mai tsawon kimanin kilomita 43, wadda kamfanin Dangote ya gina, ita ce misalin da aka fi kawowa na irin wannan musaya, kuma kankare ya fi kwalta jure manyan motoci. Amma a lura da cewa kuɗin na jama'a ne, kamfani rance kawai ya bayar. Tsarin kuma ya dace ne da mai harajin biliyoyi da babbar hanya da gwamnatin tarayya ta amince da ita. Ba zai kai ga burjin kilomita 15 da kamfanonin fasa dutse uku da masu tifar yashi hamsin ke bi ba, kuma bai amsa tambayar wanda zai ci gaba da kula da hanyar bayan an yanke ƙyalle ba.

Darasin da ya fi kusa da mu yana Nijar. Hanyar da ta taso daga Tawa ta bi ta Agadas zuwa Arlit, mai tsawon fiye da kilomita 600, an shimfiɗa ta ne a ƙarshen shekarun 1970 domin jigilar uranium, har ake kiran ta hanyar uranium, kuma kamfanonin haƙar sun sa kuɗi a ginin, aka kuma tsara su riƙa ba da wani kaso domin kula da ita. Duk da haka hanyar ta lalace har ta zama abin kuka ga duk mai zuwa arewacin ƙasar. A yarjejeniyar watan Mayu na 2014 kamfanin Areva na Faransa ya ɗauki alkawarin ba da Yuro miliyan 90 domin gyaranta, kuɗin da ba za su isa a sake hanya mai wannan tsawo ba. Dokar ma'adinai ta Nijar ta 2006 ma ta ware kashi 15 cikin ɗari na kuɗin shigar ma'adinai ga ƙananan hukumomin yankin da ake haƙa. A 2021 COMINAK, ɗaya daga cikin kamfanonin haƙar uranium na yankin Arlit, ya rufe raminsa, hanyar kuma tana nan, jama'a da 'yan kasuwa na bin ta. Abin da wannan ke nunawa shi ne amincewa da cewa mai haƙa zai biya bai wadatar ba. Idan ba a yi ƙaramin gyara a kan kari ba, sai bashin ya taru ya zama sake gini, wanda ke cin kuɗi ninki-ba-ninki, kuma ranar da ma'adini ya ƙare ko farashinsa ya faɗi, mai biyan ya tafi.

Game da shingayen karɓar kuɗi da jihohi da ƙananan hukumomi da ƙungiyoyi ke kafawa, magana gajera ce. Ana karɓar kuɗi da sunan hanya, ba sa zuwa kan hanya, kuma tun da a kan kowace mota ake karɓa ba a kan nauyi ba, suna ƙara wa mai mota ƙwarin gwiwar cika lodi fiye da kima domin ya rage yawan sawu.

Tsarin da zai yi aiki, a nawa ganin, dole ya fara tun kafin motar farko ta fito. A fayyace hanyar da kamfani zai bi, injiniyan ma'aikatar ayyuka da wakilin kamfani da wakilan duk ƙauyukan da ke kan hanyar su zagaya ta tare, a ɗauki hoto, a rubuta halin kowace kwalbati da gada. Idan hanyar ba za ta iya ɗaukar nauyin ba, a ƙarfafa ta tukuna da kuɗin kamfani, ko ya yanki tasa hanyar da za ta kauce wa tsakiyar gari. Sai ya ajiye jingina a banki da za ta isa a mayar da hanyar yadda aka same ta. Bayan haka ya riƙa biyan wani adadi a kan kowane tan da kowace kilomita, domin wannan ne ma'aunin da ke raba nauyi daidai idan masu amfani da hanyar sun yi yawa. Wurin karɓa kuma ya zama ƙofar ramin ko ƙofar masana'antar da ke sayen kayan, inda dama akwai sikeli saboda ciniki. A jihar Nasarawa, masana'antar sarrafa lithium da aka buɗe a watan Mayu na 2024 an bayyana cewa za ta iya sarrafa tan 4,000 a rana. Idan ta yi aiki da cikakken ƙarfinta, kuma kowace mota ta ɗauki tan 30, ana maganar sama da mota 130 ke nan a kullum suna shigowa daga ramuka daban-daban. Bin kowane ƙaramin mai haƙa a daji abu ne mai wuya, amma duk kayan ta ƙofa ɗaya suke shiga, kuma littafin sikelin wannan ƙofa zai nuna daga inda kowane lodi ya fito. Haka abin yake ga kamfanonin siminti da ke sayen kwal da farar ƙasa, irin jigilar da ake yi daga Maiganga zuwa Ashaka a jihar Gombe.

Inda kuɗin za su zauna shi ne abin da zai raya tsarin ko ya kashe shi. Idan suka shiga babban asusun jiha, sun bi ruwa. Shirin RAAMP na hanyoyin karkara da kasuwannin amfanin gona, wanda Bankin Duniya da hukumar raya ƙasashe ta Faransa ke tallafawa, ya sa jihohin da ke cikinsa kafa hukumar hanyoyin karkara da asusun hanyoyi na jiha. Ana iya buɗe wa kowace hanyar jigilar ma'adini shafinta a cikin wannan asusu, a hana taɓa kuɗinta domin wata hanya, a kuma liƙa abin da ya shigo da abin da aka kashe a sakatariyar ƙaramar hukuma da ƙofar fadar hakimi duk wata uku, a karanta a rediyo da harshen mutanen wurin. Kwamitin ma'adinai da muhalli da dokar 2007 ta kafa a kowace jiha, wanda ya haɗa jami'an tarayya da na jiha, shi ne wurin da ya dace a warware saɓani, domin jiha ita kaɗai ba ta da ikon taɓa lasisi.

Akwai wuraren da wannan tsari zai yi tuntuɓe, kuma gara a faɗe su. Mai tifar yashi guda ɗaya da ke ciyar da iyalinsa ba zai iya ajiye jingina ba, nasa kason sai dai a karɓa ta hannun ƙungiyarsu a wurin lodi, kuma ya zama kaɗan daidai da abin da yake ɗauka. Direba, wanda galibi a kan sawu ake biyan sa, ba shi ne ya kamata a ci tara ba idan lodi ya wuce kima, wanda ya yi lodin ne. Masu haƙa ba bisa ƙa'ida ba, musamman a yankunan da tsaro ya taɓarɓare, ba sa sa hannu a kan komai, kuma dakarun tsaron ma'adinai da aka ƙaddamar a 2024 ba za su iya tsayawa a kowane daji ba, shi ya sa kama mai saye ya fi kama mai haƙa sauƙi. Akwai kuma matakin da ba ya cin kuɗi sosai, wanda Kamaru da wasu ƙasashen yankin suka daɗe suna amfani da shi: shingen damina, inda ake tsayar da manyan motoci daga bin burji yayin ruwan sama da 'yan sa'o'i bayansa har ƙasa ta tsane. Kamfani zai ce an ɓata masa lokaci, amma sa'o'in da zai jira sun fi masa arha a kan kwalbatin da zai sake ginawa idan jinginarsa na hannun hukuma.

Duk wannan bai sauke wa gwamnati nauyinta ba. Gyaran al'ada na nan a wuyan ƙaramar hukuma da jiha, kuma hanyar da aka bar magudanan ruwanta suka toshe za ta lalace ko babu tifa ko ɗaya, don haka kamfanin da ya biya nasa yana da haƙƙin ya ga hukuma ta sa nata. Gyaran dokar 2007 domin a mayar da yarjejeniyar amfani da hanya sharaɗin ba da lasisi aiki ne na Majalisar Tarayya, kuma zai ɗauki lokaci. Kafin nan akwai ƙofofi biyu da suke buɗe. Jihohi da ƙananan hukumomi suna da iko a kan hanyoyinsu, za su iya tsayar da iyakar nauyi su kuma nemi yarjejeniya daga duk mai son wuce ta. Al'ummomin da yarjejeniyarsu ta cika shekara 5 kuma za su iya shiga zaman sabuntawa da injiniya da lauya, su gayyato sauran ƙauyukan da ke kan hanyar, su nemi a cire batun hanya daga jerin kyaututtuka a ba shi babinsa, da sunan hanyar da tsawonta da adadin da za a biya a kan kowane tan da ranar da za a riƙa duba ta.